Hoton gidajen sayarwa: wane kayan aiki zan fara saya?

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Kaduna. Ina da Canon 80D, da lensin 18-55mm da ya zo da ita, da 50mm, da filash guda ɗaya. Kwanan nan wani mai gina gidaje ya ba ni aikin ɗaukar wasu gidaje da zai sa a kasuwa, amma hotunan ba su yi ba. Ɗakunan sun fito a matse, bango ya karkace, tagogi kuma fari fat. Wane irin kaya ƙwararrun wannan fanni suke aiki da su? Ko sai na sayi sabuwar kyamara?

Amsa: Ɗan'uwa, ka daina zargin kyamarar nan. A cikin abubuwa ukun da ka lissafa babu wanda laifin 80D ne. Ko yau aka ba ka Canon R5 ko Sony A7 IV kyauta, ka koma falon nan ka ɗauka yadda ka ɗauka jiya, abin da za ka gani ke nan. Matsewar ɗaki daga lensi take, karkatar bango daga yadda aka tsayar da kyamara, farin taga kuma matsalar haske ce. In ka zazzage jakar mai hoton gidaje, na Abuja ne ko na Amurka inda sana'ar ta fi bunƙasa, kusan duk abin da ke ciki saboda waɗannan ukun aka saye shi. Don haka kuɗinka ya fara tafiya kan lensi, sai ƙafar kyamara, sai haske. Jikin kyamara shi ne na ƙarshe a layi.

Dalilin a bayyane yake. A wurin biki kana biyan kuɗin saurin kama fuskar amarya tana tafiya, da harba hotuna da yawa a daƙiƙa ɗaya, da jure duhun hol. Gida kuwa ba ya motsi. Za ka kafa kyamara, ka sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, tsakanin 100 da 400, ka bar ta ta ɗebi haske a tsanake. Abin da ake buƙata a jikinta kaɗan ne: ta ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da ake gyarawa a kwamfuta, ta bari ka saita komai da hannunka, ta iya harba jerin hotuna masu bambancin haske da kanta, kuma in so samu ne allonta ya riƙa juyawa, domin sau da yawa za ka manne ta a kusurwar ɗaki inda kanka ba zai shiga bayanta ba. 80D tana da duk wannan, har da Wi-Fi da za ka haɗa da wayarka ta manhajar Camera Connect. Megapiksel 24 ɗinta ya fi ƙarfin hoton da ƙarshensa WhatsApp ne da Instagram da shafukan dillalai. Ƙwararru da yawa suna aiki da kyamarori masu babbar sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, irin su Canon R6, Nikon Z6, Sony A7 III, wasu ma har yanzu ba su rabu da tsohuwar 6D ko D750 ba. Amma ba don ita aka ɗauke su aiki ba.

To, lensi. A nan ne ka fi shan wahala ba ka sani ba. Sensar 80D ƙarama ce, duk lambar da ke jikin lensi sai ka ninka ta da 1.6 kafin ka san ainihin faɗin da take gani, kuma iya ƙanƙantar lambar iya faɗin abin da lensi ke gani. Wato 18mm ɗinka kusan 29mm ne a babbar sensa, 50mm ɗin kuma 80mm ne, wanda a cikin ɗakin kwana bai wuce ya nuna maka rabin gado ba. Lensin da ake kira na sana'ar shi ne 16-35mm a kan babbar sensa: Canon na da 16-35mm f/4L, Sony ma na da nasu, Nikon kuma a sababbin kyamarorinsu 14-30mm f/4 ne. Kwatankwacinsa a wurinka shi ne Canon EF-S 10-18mm, wanda ya fito a 2014, jikinsa roba, ba nauyi, kuma yana cikin mafi araha a lensukan Canon. A 10mm yana ba ka daidai da 16mm. Akwai Sigma 10-20mm da Tokina 11-16mm, duk suna yi. Na hannu mai lafiya ya wadatar, ka dai duba gilashin kada ya yi fumfuna ko ƙarcewa.

Kada wani ya ruɗe ka da f/2.8, wato lensi mai buɗe ƙofar haske sosai (iya ƙanƙantar lambar f, iya girman ƙofar). Kai da ka saba da biki, na san zuciyarka can take, domin a can shi ne ke narkar da bayan amarya. A hoton gida ana son komai ya fito tar, daga hannun kujerar da ke gabanka har ƙofar kicin da ke can ƙurya. Shi ya sa kusan kowa yake zaune a f/8, ko kusa da shi, daga safe har yamma. Lensin f/2.8 ƙarin kuɗi ne da ƙarin nauyi a kan abin da ba za ka taɓa ba, sai dai in bidiyo za ka riƙa yi a ɗakuna masu duhu.

Sai gargaɗin da masu sayar da kaya ba za su yi maka ba. Ranar da 10-18mm ya shigo hannunka, za ka so ka bar shi a 10mm har abada, saboda yana mayar da ɗakin ƙafa goma sha biyu kamar filin Idi. Ka danne zuciyarka. A wannan faɗin, duk abin da ke gefen hoto miƙewa yake: firji ya yi ƙiba, ƙofa ta yi faɗin da ba nata ba, zagayayyen tebur ya zama ƙwai. Mai saye zai zo ya ga ɗakin da idonsa, ya ce an yaudare shi, kuma sunan dillalin ne zai ɓaci kafin naka. Ni na fi son mafi yawan hotuna su faɗo tsakanin 12mm da 15mm a irin kyamararka, wato kusan 19 zuwa 24 a babbar sensa. Mafi faɗin ka ajiye shi don banɗaki da lungun matakala, inda ba ka da inda za ka ja da baya. Bango biyu a hoto, ko uku in ta kama, sun isa mutum ya fahimci ɗaki. Ba dole sai ya ga kusurwa huɗu ba.

Yanzu batun bangon da ya karkace, wanda a ganina shi ne abin da ya fi raba ƙwararre da ɗan koyo, fiye da haske ma. Doka ɗaya ce: bayan kyamara ya tsaya sak, daidai da tsayuwar bango. Da zarar ka ɗaga bakinta sama ko da kaɗan ne don ka nuna adon silin, layukan tsaye za su taru ta sama, ɗakin ya yi kamar yana jingina da baya. Ka sunkuyar da ita don nuna tayil, su taru ta ƙasa. Lensi mai faɗi kuma ninka wannan aibin yake yi. Hannun ɗan Adam ba ya iya riƙe kyamara sak a haka, ballantana ma da f/8 da ISO 100 shota, wato murfin da ke buɗewa haske ya shiga, kan kai rabin daƙiƙa a buɗe. Saboda haka mai ƙafa uku, wato abin ɗora kyamara, dole ne.

Ƙafafun su kasance masu ƙarfi, irin su Manfrotto 055 ko makamancinsa na Benro, ba irin siraran nan da ake ɗora waya ba. Amma kan da ke samansu ya fi ƙafafun muhimmanci. Kan da akasarin mutane suka sani shi ne mai ƙwallo: ka kwance, ka juya, ka ɗaure. Matsalarsa, in ka kwance don gyara karkatar dama, sama da ƙasa ma sun tafi, sannan in ka ɗaure sai ya ɗan zame saboda nauyin lensi. Masu hoton gini kai mai giya (giya irin ta inji) suke amfani da shi, mai maɓallan murɗawa uku, kowanne da ɓangaren da yake motsawa shi kaɗai. Kana kallon allo, ka kunna layukan nan na raga, ka sa ido a kan ƙarfen ƙofar da ke gefen hoto, ka murɗa a hankali har ya kwanta a kan layin, ka cire hannu, ya tsaya a nan cak. Manfrotto 410 shi ne sananne, Benro GD3WH ya fi shi rashin nauyi, Arca-Swiss kuma na manya ne. Duk wanda ya yi mako ɗaya da kai mai giya ba ya komawa mai ƙwallo. Ka kuma lura, ma'aunin daidaiton da ke cikin wasu kyamarori karkatar gefe kawai yake nunawa, ba ya gaya maka ka ɗaga sama ko ka sunkuya. Layukan ƙofa da taga su ne alƙalai. (Wani lokaci kuwa za ka yi ta murɗawa layi ya ƙi zama, ashe maginin ne bai tsayar da bangon daidai ba. Sai ka zaɓi layin da ya fi jan ido ka bi shi.)

Tsayin kyamara ma da shi. Ba a tsayin idonka ake ɗauka ba. A falo da ɗakin kwana, wajen ƙirji ko ƙasa da haka kaɗan, tsakanin mita 1.2 da 1.4. A kicin ka ɗan ɗaga yadda za a ga saman kantar kicin amma ba a ga ƙarƙashin kabad ɗin sama ba.

Akwai lensin da aka ƙera musamman don wannan matsalar, wanda gilashinsa yake zamewa sama ko ƙasa alhali kyamara na tsaye sak. Canon TS-E 17mm da TS-E 24mm na biyu, waɗanda suka fito a 2009, suna zamewa har milimita 12. Nikon na da PC 19mm, Laowa kuma na da 15mm mai sauƙin kuɗi. Da shi za ka tsaya a gaban bene mai hawa uku ka ɗauko har rufinsa ba tare da ya kwanta baya ba. Kaya ne mai daɗin aiki, amma na masu yi wa otal-otal da masu zanen gini aiki ne, kuma a kan ƙaramar sensa 17mm ɗin ya koma 27mm, faɗin ya tafi. Ba naka ba ne yanzu. Ɗan abin da ya rage na karkata manhajar gyaran hoto ta Lightroom za ta miƙe maka, sai dai ka sani yanke gefen hoto take yi, don haka ka riƙa barin fili.

Mu zo kan tagogi. Lissafi ne mai sauƙi. Da rana tsaka a waje, a f/8 da ISO 100, shota wajen 1/400 take so. A cikin falon, da wannan saitin, tana iya neman 1/4. Bambancin ninki ɗari ke nan. Idonka yana haɗa su ba wahala, sensa ba ta iyawa a hoto ɗaya. In ka auna ɗaki taga ta ƙone, in ka auna taga ɗaki ya zama kogo. Hanyoyi biyu ake bi.

Ta farko ita ce jerin hotuna: uku ko biyar daga wuri ɗaya, ɗaya mai duhu don taga, ɗaya daidai, ɗaya mai haske don lunguna, tazarar mataki biyu na haske tsakaninsu (kowane mataki ninkin haske ne), sannan a haɗa su a Lightroom ko Photomatix. Ita ake ce wa HDR. Tana da sauri, ba ta buƙatar komai sai mai ƙafa uku da saitin jinkirin daƙiƙa biyu don kada hannunka ya girgiza kyamara. Aibinta launi. Hasken rana ya shigo ta taga, ƙwan silin fari ne mai shuɗi-shuɗi na 6500K a ma'aunin launin haske, na bango ruwan ɗorawa ne na 3000K, jan labule kuma ya zuba jansa a kan fenti. Haɗawar ba ta gyara wannan, sai ma ta ƙara fito da shi, farin bango ya yi dabbare-dabbare. In kuma aka matsa mata, hoton ya yi kama da zane.

Ta biyu ita ce haɗa hasken ɗaki da na filash, kuma ita nake so ka koya, tunda kai ɗan biki ne, filash ba baƙonka ba ne. Ka ɗauki hoto ɗaya da hasken da ke ɗakin. Ba tare da ka taɓa mai ƙafa uku ba, ka ɗaga shota zuwa wajen 1/200, ka tsaya a bayan kyamara ko gefenta, filash a hannunka ka ɗaga shi sama ya kalli farin silin, ka harba. Hasken zai bugi silin ya sauko a baje, fari tas, ya ba ka ainihin launin fenti da na katako. In akwai abin gani a waje, lambu ko wurin ninƙaya, ka ƙara na uku: ka auna hasken waje, ka juya filash ya kalli tagar kai tsaye. A Photoshop sai ka jera su, ka ɗauki launi daga na filash, inuwa da laushi daga na farko, abin da ke waje daga na uku. In kuwa abin da ke bayan tagar katangar maƙwabci ce da wayar tsaro, bar ta ta ɗan yi fari, ba wanda zai yi kewarta.

Kayan wannan ba su da yawa. Filash ɗin ya sauka daga kan kyamara, don haka kana buƙatar tiriga, wato na'urar da ke harba filash daga nesa ba tare da waya ba, irin Godox XPro na Canon. Ƙaramin filash kamar Godox TT600 ya isa ɗakin kwana. Babban falo mai dogon silin, irin na gidajen Maitama da Asokoro, sai Godox AD200, wanda ƙarfinsa ya kai kusan ƙananan guda uku kuma yana shiga aljihun jaka. Shi ne ya zama ruwan dare a hannun masu wannan sana'a. Ka haɗa da sandar ɗora filash guda ɗaya da farar lema, saboda ranar da za ka tarar silin na katako ne ko an yi masa launi. In ka bugi jan silin, ja zai sauko maka.

Gidajenmu na yanzu suna da nasu rigimar. Silin ɗin POP da aka zagaye da fitilu shuɗi da shanshanbale: ka kashe su, ko ka ɗauki hoto ɗaya da su don mai gida ya ji daɗi. Tayil mai sheƙi da ke mayar da taga a ƙasa: gilashin rage ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin lensi yana taimakawa, amma ka kula da shi a waje, domin a lensi mai faɗi yakan sa sama ta yi duhu gefe ɗaya. Fanka a kashe ta ta tsaya. Sannan ka tambayi batun wuta kafin ka taso, gidan da ba a shiga ba sau da yawa ko mita ba a sa ba, kuma fitilun da ba su kama ba ba za ka ƙirƙire su a kwamfuta ba. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gabarka. A f/2 na biki ƙurar sensa ba ta fitowa, a f/8 a kan farin bango da sararin sama kowane ɗigo zai bayyana. Ka riƙe abin hura iska da tsumman goge gilashi, kada kuma ka canza lensi a tsakar gida.

Hoton gaban gida da fitilu a kunne bayan faɗuwar rana shi ne wanda ya fi tsayar da yatsan mai duba waya. Ba ya buƙatar sabon kaya, sai shiri. A yankinmu hasken bayan faɗuwar rana bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba, ba kamar Turai da yake jan lokaci ba, kuma daidai lokacin Magariba yake faɗowa. Ka kafa komai tun rana na sama, ka kunna duk fitilun gidan, ka tsara yadda ba za ka rasa hoton ko sallar ba.

Ƙaramin jirgi mara matuƙi, duron, kowa yana tambayarsa. Ga fili, gona, ko rukunin gidaje, yana da amfani sosai, domin yana nuna titi da iyaka da maƙwabtaka. DJI Mini 4 Pro, wanda nauyinsa bai kai giram 250 ba, ya ishi aikin. Amma a Najeriya tashinsa na buƙatar izinin hukumar NCAA da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma kusa da filin jirgi, bariki ko gidan gwamnati ba wurin wasa ba ne. Bayan doka akwai mutunci: a unguwanninmu in ka tashi sama, tsakar gidan maƙwabta kake leƙawa, inda iyali suke a sake. Ka sanar da mutane tukuna. Shawarata, ka riƙa ɗauko mai izini ka sa kuɗinsa a cikin lissafin aikin, har sai buƙatar ta yawaita.

Sauran kayan zan bi su da sauri. Kyamarar da ke ɗaukar kowane ɓangare a lokaci ɗaya, irin Ricoh Theta Z1 ko Insta360, tana ba mai saye damar zagaya gida a wayarsa, Matterport kuma su ne suka yi suna a wannan. Tana da kasuwa wurin 'yan uwanmu mazauna ƙasashen waje da ke sayen gida ba tare da sun gani ba, da masu ba da hayar kwana-kwana. Ba sai ka saya ba sai an nema. Ma'aunin leza na Bosch ko Leica yana ba ka girman ɗaki a daƙiƙa, wanda zai sa ka iya haɗa wa abokin ciniki taswirar gida. Bidiyo kuwa, gimbal, wato mariƙin da ke hana kyamara girgiza, irin DJI RS, ko ma waya mai kyau a kan ƙaramin gimbal, ya isa Instagram. Ka sa shi a hoto 25 a daƙiƙa, shota 1/50, saboda wutarmu 50Hz ce, in ba haka ba fitilu za su riƙa kyaftawa.

Kwamfutar da za ta ɗauki Lightroom da Photoshop dole ce, kuma allonta ya nuna launi na gaskiya, domin rabin aikin a can yake. Iyakar gyara dai ka san ta. Daidaita haske, miƙe layi, cire kanka daga madubin banɗaki, duk halal ne. Goge tsagewar bango, ko tabon yoyo a silin, ko turken wuta da ke ƙofar gida, wannan algus ne.

In kuɗin da ke hannunka na abu ɗaya ne, 10-18mm. In na biyu ne, ƙara da mai ƙafa uku mai ƙarfi, ko da da kai mai ƙwallo za ka fara lallaɓawa. Sai tiriga, don filash ɗin da kake da shi ya sauka daga kan kyamara, ka dai tabbatar suna magana da juna ko ka haɗa da ƙaramin risiba. Daga kuɗin ayyukan farko ka sayi kai mai giya, daga baya AD200. Ka jefa batir biyu na ƙari a jaka, da katin memori na biyu, da 'yan katakon tare ƙofa, da safa mai tsabta, don a gidan mutane takalmi a waje yake tsayawa kuma sawun ƙafa yana fitowa a kan tayil mai sheƙi. Kafin ka koma wurin mai gidajen, ka gwada a falonku da rana tsaka, labule a buɗe, ka maimaita har taga da ɗaki su fito tare kuma ƙarfen ƙofa ya tsaya sak a gefen hoton.